Wuƙa, Gam da Jita Mai Araha: Yadda Bes Ta Rabu da Ƙarafanta

Duk wanda ya taɓa ƙura wa jita ido a hannun makaɗi ya ga waɗansu siraran ƙarafa da aka jera a gicciye a kan wuyanta, tun daga sama har inda wuyan ya shige jiki. Makaɗa na ce musu firet. Aikinsu shi ne tsayar wa tsirkiya iyaka. In yatsa ya danna a ko'ina tsakanin ƙarfe biyu, tsirkiyar za ta kwanta a kan ƙarfen da ke gaba, sauti ya fito daidai yadda aka auna shi tun daga masana'anta. Ko da yatsan ya ɗan goce, ƙarfen zai rufa masa asiri.

Mu da muka tashi da amon gurmi da garaya da kukuma a kunnuwanmu, wuyan da babu ƙarfe ba baƙo ba ne a wurinmu. Gurmin Haruna Uji sanda ce sumul. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce tal a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata, kuma duk abin da ya fito daga cikinsa, kunne da yatsa ne suka nemo shi. Amma a tarihin jitar bes ta lantarki, wato jitar nan mai tsirkiyoyi huɗu masu kauri wadda ake jin dirinta a ƙirji kafin ya iso kunne, rabuwa da ƙarfe sai da ya zama tafiya mai nisa. Abin da ya ja hankalinmu a tafiyar shi ne, kusan kowace zango mai muhimmanci, a kan jita mai araha aka yi ta, a hannun wanda ba shi da kuɗin sayen mai tsada.

Kafin lantarki, mai ba da amon ƙasa a ƙungiyoyin kiɗan Amurka shi ne dabul bes, ƙaton gogen Turawa da ake tsayarwa a ƙasa, tsawonsa ya kai na mutum. Ba shi da ƙarfe ko ɗaya a wuya. Yana da daɗin murya, sai dai wahalarsa yawa gare ta: bai shiga ƙaramar mota sai da dabara, zafi da raɓa na fasa shi, kuma da zarar ganguna da ƙahonni sun tashi, sai a ga mai kaɗa shi yana ta faman aiki ba a jin komai. Tun a tsakiyar shekarun 1930 wani mutumin Siyatil, Paul Tutmarc, ya ƙera bes ta lantarki da ake rataya a kafaɗa kamar jita, amma kasuwa ba ta karɓe ta ba. Sai a 1951 Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fito da tasa. Ya sa mata firet guda 20, ya raɗa mata suna Precision, ma'ana mai daidaito. Sunan kansa talla ne ga ƙarafan. Abin da Fender ke faɗa wa masu saye shi ne, ga bes da ɗan jita zai ɗauka yau, gobe ya hau dandali da ita ba tare da ya yi shekaru yana horar da kunnensa ba. Maganar ta kama. Zuwa 1953 Monk Montgomery na yawo da ita a ƙungiyar Lionel Hampton, kuma kafin shekara goma ta cika ta mamaye kiɗan rawa.

Yana da kyau mu ɗan tsaya a kan abin da ƙarafan nan suke yi, don a gane abin da mutum ke samu da abin da yake sadaukarwa in ya cire su. Tsirkiyar bes irin ta Fender, daga inda ta hau a saman wuya zuwa jaki, inci 34 ce, wajen santimita 86. Firet na farko na nesa da sama da kusan santimita 5, daga nan tazarar na raguwa kaɗan-kaɗan, har firet na 12 ya faɗo daidai tsakiyar tsirkiya, inda sautin farko ke dawowa da siririyar murya. An raba hawan sautin da ke cikin wannan tazara gida 12 daidai wa daida bisa lissafi. Tsarin ya sauƙaƙa wa piyano da jita da bes su haɗu a kowane maƙami, amma sulhu ne aka yi, domin akwai sautukan da kunne ke jin sun fi zama daram in aka ɗan saukar da su daga inda lissafin ya ajiye su. Mai rera waƙa yana yin wannan gyaran da maƙogwaronsa ba tare da ya sani ba, haka mai goge. Mai firet kuwa an ɗaure masa hannu. Sannan ba shi da ikon zamewa a hankali daga wannan sauti zuwa wancan. In ya ja yatsa, sai a ji tsani-tsani, kamar mai sauka daga bene. Mu da harshenmu ke tafiya da hawa da saukar murya, har kalangu ke iya kwaikwayon magana don ana matsa shi a hammata ana sassautawa, mun san darajar abin da ke tsakanin sauti da sauti.

Wanda aka fi danganta wa fara cire ƙarafan bai yi don wannan falsafa ba. A 1961 Bill Wyman, wani saurayi daga kudancin Landan da ke kiɗa a wata ƙaramar ƙungiya mai suna Cliftons, ya sayi kwancen bes ƙirar Dallas Tuxedo a kan 'yan fam kaɗan. Jita ce ta talaka, ƙarafanta sun ci, suna ta ƙara kamar kwano a bayan keke. Ya fizge su da niyyar sa sababbi in hali ya samu. Da ya jona ta ya kaɗa haka nan, sai ya ji wata murya mai laushi da zurfi, mai kama da dabul bes ɗin da yake ji a fayafayan bulus na Chicago. Ya fasa mayar da ƙarafan. Ramukan da suka bari a katako suka zame masa alamar inda zai sa yatsa. A ƙarshen 1962 ya shiga Rolling Stones, kuma da wannan jita ya ɗauki da yawa daga waƙoƙinsu na farko. Miliyoyin mutane sun ji bes marar firet a rediyo shekaru kafin su san akwai abu mai wannan suna.

Da jitar Wyman sabuwar Fender ce, wadda a Ingilar wancan lokaci sai mai hali ke taɓawa, da wuya ya kusance ta da filaya. Mai tsada lallaɓa ta ake yi. Mai araha ita ake yi wa tiyata, don in ta mutu asarar ba ta kai a yi kuka ba.

Kamfanoni sun biyo baya a makare. A 1966 Ampeg na jihar New Jersey ya fitar da AUB-1, wadda ake lissafawa a matsayin bes marar firet ta farko da aka ƙera don kasuwa, da nufin jawo masu dabul bes da ke ƙyamar ƙarafa. Rick Danko na ƙungiyar The Band ya riƙe irin ta Ampeg a farkon shekarun 1970. A 1970 kamfanin Fender da kansa, wanda Leo ya riga ya sayar wa CBS tun 1965, ya fito da Precision marar firet, wato an cire wa jitar dalilin sunanta aka bar mata sunan. Duk da haka ba a yi rububinsu ba. Suna rataye a shaguna, ana kallonsu a matsayin kayan 'yan tsiraru.

Wanda ya sauya wannan shi ne John Francis Pastorius, wanda duniya ta sani da Jaco. An haife shi a 1951, shekarar da Precision ta fito, ya girma a yankin Fort Lauderdale na jihar Fulorida. Ɗan makaɗin ganga ne, shi ma da ganga ya fara, sai rauni a wuyan hannu wajen wasan ƙwallo ya tilasta masa komawa bes. Ya tara kuɗi ya sayi dabul bes don yana son muryarta, amma damshin Fulorida, ƙasar teku da fadama, ya tsaga ta. A farkon shekarun 1970 ya sami kwancen Fender Jazz ƙirar 1962 a kan dala 90. A nan ruwaya ta rabu biyu, kuma dukkansu an jingina su gare shi: ɗaya ta ce da wuƙar shafa man shanu ya ɓamɓare ƙarafan, ɗaya ta ce ya same ta an riga an cire su, an yi aikin kaca-kaca, shi gyarawa ya yi. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne abin da ya biyo baya, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Ya cike ramukan da ƙullin katako, sannan ya shafe allon wuyan da gam ɗin ifoksi irin wanda ake shafa wa jiragen ruwa, shafi bisa shafi, har ya yi tauri yana ƙyalli.

Dalilin gam ɗin tsirkiya ce. Tsirkiyar bes iri biyu ce. Akwai mai sumul, wadda aka naɗe da faffaɗan ƙarfe, muryarta a dushe take, ba ta cin katako. Akwai mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyar waya, muryarta garau, amma in babu firet tana gurzar katako kamar zarto har ta yi masa kwari. Masu bes marar firet na farko sumul suka fi amfani da ita, don burinsu su yi kama da dabul bes. Jaco ya nace wa mai kaushi ta kamfanin Rotosound na Ingila, ya kare katakon da gam. Haɗuwar waya mai kaushi da allo mai tauri ita ta haifar da sautin da ba a taɓa ji ba: in an kaɗa, maimakon ya buga ya mutu, sai ya buɗe a hankali yana ƙugi, kamar mai buɗe baki zai yi magana. Yakan ma yi atisayensa a wuya mai firet, don kada ya cinye allon waccan.

Shekarar 1976 ce ta fito da shi. A cikinta aka saki faifansa na farko mai ɗauke da sunansa, wanda ya buɗe da Donna Lee, wani tsohon kiɗan jaz mai gudun tsiya da aka saba ji a bakin masu busa, shi kuwa ya kaɗa shi da bes da ganga kawai. A cikinta ya fito a faifan Pat Metheny, Bright Size Life, da na Joni Mitchell, Hejira, inda bes ɗinsa ke zagaya muryar mawaƙiyar kamar 'yar amshi. A cikinta kuma ya shiga Weather Report. An ruwaito cewa da jagoran ƙungiyar, Joe Zawinul, ya fara jin kaset ɗinsa, ya ɗauka dabul bes yake ji, har ya tambaye shi ko yana iya kaɗa ta lantarki ma. Bayan Heavy Weather na 1977, samari a Amurka da Turai da Japan suka shiga fizge ƙarafan jitocinsu. Allah kaɗai Ya san wuyan jita nawa aka lalata a waɗannan shekaru.

A ganinmu, illar da Jaco ya bari ba ta rasa nasaba da girmansa. Masu kwaikwayonsa da yawa sun ɗauki zamiya da ƙugin, suka bar abin da ya riƙe su, wato kiɗan rawa da ya yi shekaru yana yi a kulob-kulob na Fulorida, da kunnen da ba ya kuskure. Sai aka cika fayafayai da bes mai kuka ba dalili. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka nemi tasu hanyar. Mick Karn na ƙungiyar Japan ya mayar da ita wata aba mai lanƙwasa kamar roba. Pino Palladino, ɗan Cardiff, ya buɗe waƙar Paul Young, Wherever I Lay My Hat, da bes marar firet a 1983, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, daga nan kowane mai shirya faifai ya so irin wannan sauti a waƙar soyayya, har aka gundure shi kafin shekarun 1980 su ƙare.

Labarin da ya fi kusa da mu daga Afirka ta Kudu ya fito. A farkon 1985 Paul Simon ya sauka Johannesburg don ɗaukar kiɗa da makaɗan baƙar fata, a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasar takunkumin al'adu saboda mulkin wariyar launin fata, abin da ya jawo masa suka mai zafi. Cikin waɗanda aka kira akwai Bakithi Kumalo, wanda ya tashi a Soweto. Bes ɗin da ya zo da ita ƙirar Washburn ce marar firet, kuma ya sha faɗa a hirarraki cewa ya saye ta ne don ita ce mafi araha a shagon, tunda babu mai so. Rashin kuɗi ya haɗa shi da ita, amma abin da ya yi da ita daga gida ya ɗauko shi. Kiɗan mbaƙanga da waƙar taron mazan Zulu suna da murya ta ƙasa mai zamewa tana gurnani, kuma wuyan da babu ƙarfe ya ba shi damar sa jitar ta yi wannan. Wanda ya saurari The Boy in the Bubble ko Diamonds on the Soles of Her Shoes a faifan Graceland na 1986 zai ji bes na tafe tana rausaya kamar mai rera waƙa. Guntun gudun nan da ya yi a You Can Call Me Al, wanda 'yan koyo ke ta fama da shi har yau, rabinsa kawai Kumalo ya kaɗa; injiniya Roy Halee ne ya juya tef ɗin baya ya liƙa a matsayin rabi na biyu. Faifan ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1987, an sayar da miliyoyinsa, da muryar jitar da aka rasa mai saye a cikinsa.

A Kamaru ma igiyar ta ratsa. Richard Bona, wanda yana yaro yake haɗa jitarsa da wayar birkin keke, a wani kulob na jaz a Duwala ya ci karo da faifan Jaco, ya koma bes daga nan, kuma yau yana cikin manyan masu kaɗa ta a duniya.

Shi Jaco ƙarshensa bai yi kyau ba. Ciwon taɓin hankali mai hawa da sauka, da giya da ƙwaya, suka kai shi ga kwana a titi. Jitar tasa, wadda yake kira Bass of Doom, ta farfashe, wani mai gyara ya harhaɗa ta, sannan a 1986 aka sace ta a kan bencin wani dandali a birnin Niyok. A watan Satumba na 1987 wani mai gadin kulob ya yi masa dukan da ya zama ajalinsa, yana da shekara 35. Jitar ba ta sake bayyana ba sai a 2006, a wani shagon kayan kiɗa a Niyok, aka shiga shari'a a kanta, har Robert Trujillo na ƙungiyar Metallica ya shiga tsakani da kuɗinsa aka warware a 2010.

A halin da ake ciki, arahar ta koma masana'anta. A 1982 Fender ya fara fitar da jitoci masu sauƙin kuɗi da sunan Squier daga Japan, don ya tare masu kwaikwayon ƙirarsa, daga baya aikin ya koma Koriya da Sin da Indonesiya. A shekarun 2000 Squier ya fito da Jazz marar firet mai allon wuya na ebonol, wani haɗin takarda da gam da aka matse ya yi tauri, wanda ke yin aikin da ifoksin Jaco ya yi ba tare da an jira shafi ya bushe ba. Ibanez da Cort da Harley Benton duk suna da nasu. Amma al'adar yin tiyata a gida ba ta mutu ba, kuma shekaru sittin na kuskuren mutane sun tara ilimin yadda ake yi.

Ba a fizgar ƙarfe da sanyi. Ana ɗora masa ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, ya ɗumama, gam ya saki, sannan a ɗaga shi a hankali daga gefe guda, in ba haka ba haƙoransa za su tsattsage katakon. Ramukan kuma ba a barinsu fayau yadda Wyman ya yi, domin ƙafar kowane firet tana tokare katako, in aka cire guda 20 ba a cike gurbinsu ba, jan tsirkiyoyi na iya lanƙwasa wuyan gaba. Shi ya sa ake cusa siraran fallen katako mai haske da gam, su tokare, su kuma zama layin da ido zai bi. Sai a goge da samfefa a kan katakon da aka yi wa lanƙwasa daidai da ta allon, don kada a baje shi. Abin da masu gaggawa suka fi mantawa shi ne ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya: an yanka shi ne da tsayin firet a zuciya, in ba a zurfafa ramukansa ba, tsirkiya za ta yi nisa da allo, sautukan farko su yi wuyar dannawa, su kuma haura inda ya kamata. Bayan nan a daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya har ya kusa miƙewa sak, a saukar da jaki, domin ƙugin nan daga kusancin tsirkiya da katako yake fitowa. In an yi nisa ya ɓace, in an matso da yawa ya zama ƙara.

Kaɗawar ita ce babban aiki. A jita mai firet yatsa na sauka a bayan ƙarfe. A nan dole ya sauka a kan layin kansa, kuma kaurin yatsan ma na iya kai sauti sama ko ƙasa. Can ƙasan wuya, inda tazarar ta ragu zuwa santimita 2 da 'yan kai, gocewa kaɗan ta isa kowa ya ji. Akwai kuma tarko ga wanda ya saba da jitar da aka yi wa tiyata: ɗigon da ke gefen wuyanta yana tsakanin layuka ne, yadda aka sa shi tun tana da firet, alhali a yawancin waɗanda aka ƙera ba layi, ɗigon yana daidai kan sautin. Wanda ya sauya daga wannan zuwa waccan yana bin ido, zai yi waƙa guda a karkace. Malaman abin kan sa ɗalibi ya riƙa gwada sautin da ya danna da tsirkiyar da ke sake, ko ya kunna sauti ɗaya mai tsawo ya bi shi, ko ya kashe fitila ya kaɗa a duhu. Yaron da ke koyon kukuma a gaban ubangidansa ba a taɓa ba shi wata hanya ba sai wannan.

Shi kuwa kamfanin Fender, a sashensa na ƙira ta musamman, yana yin kwafin jitar Jaco ta dala 90. Ana kwaikwayon layukan da aka cike, da shafin ifoksi, da kowane ƙujewar fenti da gwiwar hannunsa da bel ɗinsa suka yi mata, a sa a akwati mai laushin ciki, a sayar a kan dubban daloli.